Gwamnatin Haɗin Gwiwa: Mu Sa Rai, Amma Mu Sa Ido

Sau da yawa manoma sukan tambaye mu, wai mece ce gwamnatin haɗin gwiwa? Amsar ba wuya. Idan aka yi zaɓe, jam'iyyar da ta ci ba ta sami rinjaye a majalisa ba, sai ta nemi wata su haɗa kai, su raba muƙamai. Kamar shanun huɗa ne: guda ba ya jan garma, biyun kuma sai sun bi kunya ɗaya.

Mun ga haka a 1979, lokacin Batsari da Safana suna cikin Jihar Kaduna. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya ci shugaban ƙasa, amma kujeru 36 kaɗai jam'iyyarsa ta samu daga cikin 95 na Majalisar Dattijai, da 168 daga cikin 449 na Majalisar Wakilai. Saboda haka ta ƙulla yarjejeniya da NPP ta Dokta Azikiwe. NPP ta sami kujerar Kakakin Majalisar Wakilai, aka kuma naɗa Farfesa Ishaya Audu Ministan Harkokin Waje.

Mu masu ƙuri'a mun yi murna. Dalili kuwa, majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗi, daga kasafin nan ne kuma taki da rijiya da hanyar kai amfanin gona kasuwa suke fitowa. A jiharmu mun ɗanɗana rashin haɗin kai. Gwamna Balarabe Musa ɗan PRP ne, majalisa kuwa NPN ke da rinjaye. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, har suka tsige shi a watan Yuni 1981.

Amma fa murnarmu da saura, gama yarjejeniyar ta fi ƙarfi a kan rabon kujeru, ba a kan aikin da za a yi wa talaka ba. A watan Yuli 1981 ta watse.

Haka kuma a 2013 jam'iyyu suka narke suka zama APC, ta ci zaɓen 2015. Muka sa rai Dajin Rugu zai lafa. Duk da haka a Fabrairu 2020 'yan bindiga suka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, aka yi asarar rayuka da yawa.

To, mene ne abin yi? Kada mu fid da rai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai duk ran da shugabanni suka ce sun haɗa kai, mu tambaye su abu uku. Wane aiki kuka yi alkawari? Yaushe za a fara? Taki zai iso kafin shuka, mu kuma je gona mu dawo lafiya? Mu rubuta amsar a littafin ƙungiyarmu, mu ajiye katin zaɓe wuri mai kyau. In damina ta zagayo, sai mu buɗe littafin mu duba.