Gwangwanin Tarar Baƙin Mai: Abin da Muka Gani a Garejin Bayan Makaranta



A wannan karon allonmu ya leƙa garejin nan da ke bayan katangar makaranta, wanda kullum muke wucewa ta gabansa idan an tashi. Abin da ya kai mu shi ne motar baban ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu. Tsohuwar motar haya ce. Da ita yake ciyar da gida, da ita yake saya wa yaransa littattafai da kayan makaranta. Kwanakin baya ta fara shan baƙin mai, bayan 'yan kwanaki sai ya ƙara mata, ga fulogi na yawan yin baƙi. Wani abokin aikinsa a tasha ya ba shi shawara ya sa mata gwangwanin tarar mai, wai da an sa magana ta ƙare. Da muka ji labari sai muka roƙi Malaminmu na darasin Fasaha, ya raka mu ranar Asabar domin mu gani da idonmu. Gani ya kori ji.

Daga ina man yake fitowa?

Kafin a taɓa komai, Malam ya zana mana inji a ƙasa da tsinke. A cikin inji akwai silinda, a cikin kowace silinda akwai fistan mai hawa da sauka. Aikinsa huɗu ne: ya shaƙo iska da fetur, ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, sannan ya kori hayaƙi ya fita ta salansa. A ƙarƙashin fistan akwai ɗakin ƙasan inji, inda baƙin mai yake kwance a kwanonsa.

Kowane fistan yana da zobban ƙarfe a jikinsa, su ne makanikai ke kira ringi. Su ke toshe 'yar ratar da ke tsakaninsa da bangon silinda. Amma duk kyan ringi, lokacin fashewar nan sai ɗan hayaƙi ya silale ta gefe ya faɗa ɗakin ƙasa. Ko sabon inji yana yin haka kaɗan. Idan ringi ya cinye kuwa abin ya yi yawa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan hayaƙi dole a ba shi hanyar fita. Idan ya taru zai matsa wa gaskit da robobin da ke riƙe mai, har inji ya fara yoyo. Motocin da can suna da bututun da ke zubar da shi a kan titi kawai, yana gurɓata iska. A shekarar 1961 aka fara sa wa sababbin motoci a jihar Kalifoniya ta Amurka wata dabara, daga baya ta bazu ko'ina. Dabarar ita ce a mayar da hayaƙin cikin inji ya sake ƙonewa. Wani ɗan bawul da ake kira PCV, wanda galibi yake kan murfin saman inji, shi ke sakinsa cikin wani tiyo. Tiyon kuma ya kai shi bututun da inji ke shaƙar iska.

Matsalar ita ce hayaƙin ba ya tafiya shi kaɗai. Yana ɗauke da feshin baƙin mai, da tururin ruwa, da ɗan fetur da bai ƙone ba. Su kan manne a bututun shaƙar iska da bayan bawul-bawul na shiga, zafi ya gasa su su zama baƙin dauɗa mai tauri. Abin ya fi damun sababbin injuna masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda, domin a cikinsu fetur ba ya bi ta bayan bawul balle ya wanke shi.

Mene ne aikin gwangwanin?

Ku tuna murfin tukunyar miya. Idan tururi ya bugi murfin sai ya koma ɗigon ruwa. Haka gwangwanin yake aiki. Ana sa shi a tsakiyar tiyon nan. Hayaƙi ya shiga ta ƙofa ɗaya, ya samu fili sai gudunsa ya ragu, ya bugi abin da aka sa a ciki, man ya manne ya ɗiga ƙasa, iskar kuma ta fita ta ɗaya ƙofar ta wuce cikin inji.

Kayan da Oga bakanike ya tara su ne: gwangwanin alminiyom mai kauri mai murfin murɗawa, wanda zai ci kamar rabin lita, 'yan bututun ƙarfe guda biyu, soson ƙarfe na wanke tukunya, irin wanda ba ya tsatsa, 'yar ragar ƙarfe, tiyo mai jure mai da zafi, daidai faɗin na motar, kilif huɗu, da ɗan ƙarfen da za a ɗaure gwangwanin a jikin mota.

Yadda aka haɗa shi

1. An kashe mota, an cire makulli, an jira inji ya huce sarai.

2. Oga ya huda murfin gwangwanin wuri biyu, ya sa bututun nan biyu. Na shiga dogo ne, ya sauka zuwa tsakiyar gwangwanin. Na fita gajere ne, ya tsaya can sama kusa da murfi, don kada ya tsotsi man da ya taru. An kai wa mai walda ya liƙe gefensu.

3. An wanke gwangwanin tas, don kada ɓurɓushin ƙarfe ko ɗaya ya rage a ciki.

4. An sa soson ƙarfen a sama, ba a danna shi da ƙarfi ba, an tare bakin bututun fita da ragar.

5. Oga ya toshe bututu ɗaya da yatsa, ya hura ɗayan, an shafa ruwan sabulu a wuraren waldar. Da akwai ɓula da kumfa ta tashi. Sannan ya cire yatsan ya sake hurawa, iska ta wuce ba wahala.

6. An ɗaure gwangwanin a tsaye, nesa da bututun salansa mai zafi, nesa da fanka da bel, a inda hannu zai kai.

7. An cire tsohon tiyo. Sabon tiyo ɗaya ya taso daga bawul ɗin PCV zuwa bututun shiga, ɗayan daga bututun fita zuwa wurin shaƙar iska. Kowane baki an ɗaure shi da kilif, ba a bar tiyo ya lanƙwashe ba.

8. An tayar da mota, kowa ya yi tsit ana saurare. Ba ƙarar shan iska, inji kuma bai yi rawa ba.

Kuskuren da ke kashe inji

Mun tambayi Oga me ya sa bai yi amfani da gorar ruwan roba ba, tunda ga su nan birjik a kwata. Ya yi dariya ya ce zafin cikin bonet zai narkar da ita, tsotson inji kuma zai lotsa ta. Haka tiyon ban ruwa, baƙin mai yana sa shi ya yi laushi ya manne. Soson ƙarfe mai laushi shi ma bai dace ba, yana tsatsa yana karyewa, inji ya shaƙe gutsattsarinsa.

Idan gwangwanin yana da ɓula, iskar da ba a auna ba za ta shiga inji, ya riƙa rawa ko ya mutu a tsaye. Idan ya toshe, an shaƙe wa inji wuya ke nan, hayaƙi ya rasa mafita ya fasa robobin mai. Idan kuma aka manta da shi ya cika, inji zai fara zuƙar man. Saboda haka wanda ba zai riƙa dubawa yana zubarwa ba, gara ma kada ya sa.

Abin da ya taru a ciki ba a mayar da shi inji, domin ya gauraya da ruwa da fetur. Kuma ba a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya. A tara a jarka a kai gareji.

Abin da gwangwanin ya tona

Bayan mako biyu muka koma. Da aka kwance murfin, sai ga gwangwanin ya kusa rabi da wani ruwa mai kauri mai warin fetur. Mu har mun fara murna, wai ya yi aiki. Amma Oga bai yi murna ba. Ya ce lafiyayyen inji ba ya tara haka a ɗan wannan lokaci. Ya ɗauko agogon auna matsin silinda ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, biyu suka nuna rauni.

Baban abokinmu ya ce, "To Oga, ba gwangwanin ne maganin ba?" Oga ya ce, "Alhaji, gwangwani tara yake yi, ba ya gyara ringi."

Nan muka fahimci abin. Man da ke barin kwanon inji yana nan yana barinsa, sai dai yanzu wani ɓangare yana tsayawa a gwangwani. Wanda yake hawa ta gefen ringi ya ƙone a silinda kuwa, gwangwani ba ya ko ganinsa. Amfanin da ya yi shi ne ya rage dauɗar da ke shiga bututun iska, kuma ya nuna ciwon tun motar ba ta kwanta a hanya da fasinja ba. Yanzu Baba ya shiga adashi don a canza ringi, kuma kowace safiya yana duba ma'aunin mai kafin ya fita.

'Yan uwa, ba mun rubuta wannan ba ne don wani ya je ya buɗe bonet ɗin motar gidansu. Inji mai zafi yana ƙuna, bel yana kama yatsa. Aikin bakanike ne. Amma mai sha'awa ya zo ɗakin Fasaha ranar Laraba bayan tashi, Malam zai kawo tsohon fistan da ringinsa kowa ya riƙe ya gani. Mai tambaya kuma ya jefa ta a akwatin da ke ƙarƙashin wannan allo, za mu kai wa Oga.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.