Kada Ki Yar da Mariƙin Tsohuwar Durowa

Uwargida, in kina da tsohon kabad ko tebur mai durowa, irin wanda aka gada wurin iyaye, to, ki kasa kunne. Ran da za a yi masa gyara, watakila kafinta ya ce mariƙan nan sun yi baƙi, bari a cire a sa sababbi masu walƙiya. Kada ki yi saurin yarda. Baƙin nan na sama ne kawai, ƙarƙashinsa sau da yawa tagulla ce.

Ga yadda za ki gane. Ki sami mayen ƙarfe ki kanga masa. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. In bai manne ba, ki ɗan kankare bayansa, in kin ga rawaya har ciki, kin yi dace. Irin waɗannan da yawa a birnin Bamingam na Ingila aka zuba su, gama tun ƙarni na 18 garin ya yi suna da aikin tagulla.

Wajen cirewa nan ne ake ɓarna. Ki sa a kwance su a hankali, kowane mariƙi a ƙulle shi da notinsa a tsumma dabam. Kafin shekarar 1841, lokacin da wani Bature Joseph Whitworth ya tsara awon zaren noti bai ɗaya, kowace maƙera da nata awo. Saboda haka notin wannan ba lalle ya shiga na wancan ba, na kasuwa kuwa sai a gwada a gaji.

Wanki ba wuya. Ki jiƙa tsamiya, ko ki matse lemon tsami ki zuba gishiri kaɗan, ki goga da tsumma mai laushi, ki ɗauraye, ki shanya sarai. Ban da yashi, ban da soson ƙarfe, suna cinye zanen. Ni dai a ganina kada a goge har ya koma kamar sabo fil, ɗan duhun nan da ke cikin zane shi ne adonsa.

In ɗaya ya ɓace fa? Ki kai ɗan'uwansa wurin maƙeran tagulla, irin na Bida, su zuba miki kamarsa. Amma zubi yakan ɗan tsuke in ya huce, sai ki sa 'yarki ta makaranta ta auna tsakanin hudojin biyu da rula, ta rubuta a takarda, a tafi da ita.