Sinadaran kitsen jiki

Sinadaran kitsen jiki wasu sinadarai ne da ƙwayoyin kitse ke sakewa cikin jini domin isar da saƙo ga ƙwaƙwalwa, hanta, tsoka da jijiyoyin jini. A da ana ɗaukar kitse a matsayin rumbun ajiya kawai. Yanzu an san yana da hannu a yadda ƙiba ke jawo ciwon sukari nau'i na 2 da toshewar jijiyoyin zuciya.

Leftin da adifonektin

A shekarar 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka suka gano leftin. Sunan ya fito ne daga kalmar Girkanci mai nufin "siriri". Aikinsa shi ne shaida wa ƙwaƙwalwa yawan kitsen da ke ajiye, domin ta rage sha'awar abinci. Mai ƙiba yana da leftin da yawa, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta amsa saƙon yadda ya kamata.

An gano adifonektin a 1995. Yana taimaka wa insulin wajen shigar da sukari cikin tsoka, yana kuma rage kumburin bangon jijiyoyi. Shi kuwa raguwa yake yi idan kitse ya ƙaru.

Alaƙa da ciwon sukari da zuciya

Kitsen da ke zagaye da hanji ya fi na ƙarƙashin fata haɗari, domin jinin da ya ratsa shi hanta yake nufa kai tsaye. Idan ya yi yawa, yakan saki sinadarai masu jawo kumburi, sai jiki ya rage jin insulin, sukari ya taru a jini. Yawan sukari, hawan jini da kumburi suna ɓata bangon jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, kolestarol ya taru a wurin, hanya ta ƙuntata. Idan gudan jini ya toshe ta, sai a samu bugun zuciya.

Rigakafi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ƙiba. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora kan shirin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100.