Maƙoƙo, gishiri da darasin Carnobil

A ƙasar Madarunfa, kamar ko'ina cikin ƙasar Hausa, kowa ya san maƙoƙo. Kumburi ne na wata ƴar tsoka da ke gaban wuya, wadda likitoci ke kira tirowid. Wannan tsoka ba ta aiki sai da sinadarin iyod, idan kuwa ta rasa shi cikin abinci sai ta kumbura. To, ita ce kuma tururin nukiliya ya fi yi wa illa a jikin yaro.

Ran 26 ga Afirilu 1986 tashar nukiliya ta Carnobil, a ƙasar Yukren, ta fashe. Wani iyod mai guba ya watsu cikin iska, ya sauka bisa ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara. Wuyan yaro ba ya bambanta iyod mai kyau da mai guba, duk wanda ya samu sai ya haɗiye. Kafin ƙarshen 2005 an lissafta fiye da mutum 6.000 da sankarar tirowid ta kama cikin waɗanda suke yara lokacin haɗarin.

Yaya tururin ke haddasa cutar? A shekarar 2021 masanan Cibiyar Sankara ta Amurka, da abokan aikinsu na Yukren, suka bayyana bincikensu a kan majinyata 440. Daga cikinsu 359 gubar ta same su suna ƙanana ko suna cikin ciki, 81 kuwa an haife su bayan ta gushe. Sun gano tururin yana tsinke zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta. Wajen gyara, sai jiki ya ɗaura guntun wani zare a kan wani wanda ba nasa ba. Wannan mugun ɗauri shi ke sa ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Yawan gubar da ƙanƙantar yaron suna ƙara yawan tsinkewar. Abin farin ciki, da aka auna yara 130 da iyayensu suka shaƙi tururin, ba a ga ƙarin lahani a gadonsu ba.

Kada mai karatu ya ce Carnobil nesa take. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Regan, cikin hamadar Aljeriya, ƙurarsa kuwa ta iso Afirka ta Yamma.

Abin lura shi ne, tsokar da ke yunwar iyod ta fi saurin haɗiyar mai gubar. Saboda haka uwargida, in za ki sayi gishiri a kasuwar Madarunfa ko ta Ɗan Isa, nemi mai iyod, ki ajiye shi a rufe. Yawancin maƙoƙo ba sankara ba ne, amma kumburi mai tauri, ko dishewar murya da ta ƙi wucewa, a kai asibiti, kada a tsaya tsaga da ƙaho. Tun 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai ke da na'urar gashi, kuma sankarar tirowid tana warkewa in an tare ta da wuri. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mana zuriya.