Idan injin jirgi marar matuƙi ya mutu a sama, yaya ake tayar da shi?

Dazukan da suka haɗa Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da jihohin Zamfara da Kaduna suna da faɗin da sintiri da ƙafa ba ya iya karaɗewa. Shi ya sa tun bayan sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ake yawan maganar sa ido da jirage marasa matuƙa. Sai dai galibin ƙananan da ke aiki da batir ba sa wuce minti 30 zuwa 40 a sama. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin litiyam fiye da sau 40, don haka jiragen dogon zango suka fi dogara da mai. Tsaigumi, wanda rundunar sojin saman Najeriya ta ƙaddamar a Kaduna a Fabrairun 2018, an ƙera shi ne don ya shafe sa'o'i a sama.

To amma injin fetur yana mutuwa, kuma a sama babu gefen titi.

Me ke kashe shi? Inji na buƙatar abu uku: haɗin mai da iska daidai gwargwado, tartsatsin fulogi, da juyi. Duk hawan mita 1,000, iska na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100, sai mai ya yi wa haɗin yawa, fulogi ya jiƙe. Ƙurar hunturu na iya toshe matatar iska. Idan kuma jirgin ya karkata alhali man ya yi ƙasa a tanki, tiyo kan zuƙi iska maimakon fetur.

Jirgi mai fukafukai ba ya faɗowa kamar dutse, lulawa yake yi yana sauka a hankali. A ce yana cin mita 10 gaba a duk mita ɗaya da ya sauka, yana gudun kilomita 90 a awa. Daga tsayin mita 1,000 yana da kilomita 10, wato kusan minti bakwai. Wannan shi ne jarin mai sarrafa shi.

Hanya ta farko kamar tura mota ce a sa giya ta kama. Ana dunƙufar da hancin jirgin ƙasa, iska ta juya farfela, farfela ta juya injin. Matsalar ita ce ƙaramar farfela sau da yawa ba ta iya rinjayar matsin da ke cikin silinda, ga shi dunƙufawar na cinye tsayin da ake tattali.

Hanya ta biyu ita ce ɗora wa injin sitata ta lantarki da ake kunnawa daga ƙasa ta rediyo, ko kwamfutar jirgin ta kunna da kanta da zarar ta ga juyi ya tsaya. Wasu kan haɗa sitata da janareto a na'ura guda: ta tayar da injin, sannan ta koma cajin batir. Kuɗinta shi ne nauyi, domin duk abin da ta ƙara an rage shi daga mai ko kyamara.

Amma ko sitata ba ta maganin toshewar mai. Shi ya sa ƙwararru kan fara juya jirgin ya fuskanci gida kafin su taɓa komai, kuma sukan tsayar da wani tsayin da idan an kai shi a daina gwaji a nemi fili. Jirgin da ya faɗa daji da kyamararsa ya zama ganimar waɗanda aka je nema.