Takin Gargajiya Shi Ne Ran Gona

Tun daga shekarar 1976, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da Shirin Ciyar da Ƙasa, har zuwa shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980, an yi ta jawo hankalin manoma ga takin zamani, ana sayar musu da shi a kan rangwame. Amfanin gona ya ƙaru, babu musu. Amma fa takin buhu shuka yake ciyarwa ta shekara guda, ba ya gina ƙasa. Gonar da aka daɗe ana zuba mata shi kaɗai sai ta zama rairayi, ba ta riƙe ruwa, ƙuduji kuma ya samu wurin zama, domin shi ciyawa ce mai son gajiyayyar ƙasa.

Manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin wannan. Shekara da shekaru suna noma gona ɗaya ba tare da sun bar ta ta huta ba, saboda yawan jama'a. Asirin kuwa shi ne kashin dabbobi da toka da sharar birni, waɗanda ake ɗorawa jakuna a mangala da rani ana kaiwa gona. Suna kuma haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, watau wake da gyaɗa su mayar wa ƙasa sinadarin da hatsi ya sha, harawa kuma ta ciyar da dabbobin da za su ba da taki. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekaru yana nazarin wannan tsari.

A Jamhuriyar Nijar ma haka abin yake. Daga wajen 1983 manoman Maraɗi suka kama abin da suke kira sassaben zamani, watau maimakon su sare tohon kututture, sai su rage shi su bar mai ƙarfi ya girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram ta wannan hanya. Gawo ne kan gaba, domin yakan zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya zama taki.

Noman sinadari kuwa yana da tsada biyu. Ta farko ita ce ta aljihu: da iskar gas ake yin takin yuriya, shi ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke. Ta biyu ita ce ta lafiya: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Duk da haka, gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. Ƙasar Siri Lanka ta haramta shigo da takin zamani dare ɗaya a 2021, shinkafa ta yi ƙaranci, tilas aka janye dokar kafin shekara ta ƙare. Ƙasar da ta gaji sai a hankali take murmurewa.

Saboda haka ya kamata ma'aikatun gona su mai da himma ga koya wa manoma haɗa takin rami, da kare gawo, da tace sharar birni daga leda kafin a kai ta gona. Ɗalibanmu na makarantun aikin gona kuma su riƙa tambayar dattawan ƙauye, domin abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.