Suna Linzami: Yadda Ake Gwada Gaskiyar Adireshi a Intanet

Hausawa sun ce suna linzami ne, watau da shi ake juya mai shi. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba yadda wannan magana ta tabbata a kan na'ura, kana mu ga hanyar da mutum zai bi ya gane ko linzamin yana hannun mai doki ko yana hannun ɓarawo.

Asalin Al'amarin

Duk wanda ya taɓa shiga tashar Mando a nan Kaduna ya san matafiyi ba ya haddace lambar mota. Sunan gari yake faɗa, ɗan kamasho ya nuna masa motar. In ɗan kamashon na gaskiya ne, ya isa lafiya. In kuwa ɗan damfara ne, to, sai abin da hali ya yi.

Haka intanet take. Kwamfuta lamba ta sani, mutum kuwa suna yake iya riƙewa. A 1983 Paul Mockapetris na Amurka ya tsara hanyar mayar da suna lamba, wadda ake kira DNS. Tsarin hawa-hawa ne kamar sarauta. Idan ɗalibi ya rubuta abu.edu.ng, akwai wata na'ura, bari mu kira ta mai-kai-tambaya, da za ta fara da saiwa, saiwa ta tura ta ga mai riƙon .ng, watau ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005, daga nan zuwa edu.ng, har ta kai ga jami'ar kanta.

Inda Gizo Ke Saƙa

An gina tsarin bisa amana, ba a tanadi hanyar tantance mai amsa ba. A 2008 Dan Kaminsky ya nuna cewa ana iya cusa wa mai-kai-tambaya amsar ƙarya, ta riƙe ta, ta yi ta raba wa jama'a. A watan Afrilu na 2018 ɓarayi suka karkatar da tambayoyin da aka nufa ga Route 53 na kamfanin Amazon, suka kai masu ajiya a MyEtherWallet shafin bogi, aka kwashe musu dukiya. Mutanen nan sun rubuta suna daidai, amsa ce ta zo musu a karkace. Ɗan kasuwar da ke tura kuɗi ta waya da ɗalibin da ke biyan kuɗin makaranta duk a kan wannan siraɗi suke tafiya.

Hatimi da Salsala

Maganin da masana suka fito da shi shi ne DNSSEC, wanda aka daidaita ƙa'idojinsa a 2005. A da, takardar sarki ba ta karɓuwa sai da hatimi. A nan ma kowace amsa tana zuwa da hatimin lissafi, wanda mai sunan kaɗai ke da mabuɗin buga shi, amma kowa na iya duba ingancinsa. To, wa zai shaidi hatimin? Na sama da shi. Kamar yadda dagaci ke shaidar mai unguwa, hakimi ya shaidi dagaci, haka kowane hawa ke ajiye shaidar mabuɗin na ƙasa da shi, har a kai saiwa. An buga wa saiwa hatimi a watan Yuli na 2010, aka sauya babban mabuɗinta ranar 11 ga Oktoba, 2018. Ƙungiyar ICANN na ajiye wannan mabuɗi a wurare biyu a Amurka, kuma ba a taɓa shi sai a gaban shaidu.

Yadda Ake Gwaji

Gani ya kori ji. Kamfanonin da ke ba da hayar manyan kwamfutocinsu daga nesa, abin da ake kira girgije, suna da allon umarni da ake buɗewa a cikin shafinsu, kamar Cloud Shell na Google. Amfaninsa shi ne mai ƙaramar kwamfuta a Mando zai yi gwajin ba tare da ya sayi komai ba. Kayan aikin shi ne dig, kuma matakan uku ne.

Na farko, a tambayi suna mai hatimi: dig @8.8.8.8 icann.org +dnssec. Lambar nan ta mai-kai-tambayar Google ce, wadda take duba hatimi tun 2013. A amsar za a ga layi mai alamar RRSIG, shi ne hatimin. Za a kuma ga haruffan ad a sama, ma'anarsu an bi salsalar an same ta lafiya.

Na biyu, a tambayi dnssec-failed.org, sunan da kamfanin Comcast ya ɓata hatiminsa da gangan don gwaji. Na'ura mai tsaro za ta ƙi ba da lamba, ta ce SERVFAIL. Wannan ƙin shi ne nasara.

Na uku, a maimaita tambayar a ƙara +cd, watau a ce mata ta daina dubawa. Idan lamba ta fito, an tabbata hatimi ne ya hana, ba katsewar layi ba.

Sai dai a lura: gwajin da aka yi a girgije shaida ce a kan na'urar da aka tambaya kaɗai. Bai ce komai ba game da wadda kamfanin wayarka ya haɗa ka da ita. Ita sai ka buɗe sunan nan mai ɓataccen hatimi daga wayarka. In shafin ya buɗe, ba a duba maka hatimi.

Iyakar Maganin

Kowane magani da ƙa'idarsa. Makarantar da ta kunna hatimi a girgije amma ba ta kai shaidar mabuɗinta wurin wanda ya yi mata rajistar suna ba, ta yi aikin baban giwa. Hatimi kuma yana da wa'adi, kuskure kaɗan na iya rufe ƙofa ga kowa, kamar yadda ya faru da sunayen .ru na Rasha ranar 30 ga Janairu, 2024. Har wa yau, hatimi ba ya ɓoye tambaya daga mai leƙe, ba ya kuma kare wanda aka yaudara da suna mai kama da na bankinsa.

Kammalawa

Kirana ga hukumomin makarantunmu shi ne su tambayi ma'aikatansu ko sunayensu na da hatimi, su kuma nemi a gwada a gabansu. Mu kuma masu nazarin harshe, wajibi ne mu samar wa waɗannan abubuwa kalmomi, domin abin da mutum bai iya kiran sunansa ba, da wuya ya iya tsaronsa. Rigakafi dai ya fi magani.